Lafiya, Daji da Ajiya: Abin da Gwaji Ya Nuna

Yau za mu yi magana a kan abu uku da ke gaban kowane magidanci da kowace uwargida: lafiyar iyali, itatuwan daji, da ajiyar kuɗi. Sun yi kama da duwatsun murhu. In ɗaya ya goce, tukunya ba ta zama.

Ga yadda abin yake. Yaro ya kwanta da zazzaɓi cikin damina, rumbu ya yi ƙasa, ba kuɗi a hannu. Uban sai ya ɗauki gatari ya sare itacen da ke gonarsa, ya sayar wa masu gawayi, ya sayi magani. Yaro ya tashi, amma itace ya tafi. Baɗi iska ta kwashe ƙasar gona, amfani ya ragu, kuɗi ya ƙara wuya. Kun ga cuta ta jawo sara, sara ya jawo rashi, rashi kuma ya buɗe wa cuta ƙofa.

To, akwai waɗansu masana waɗanda aikinsu ke nan, binciken hanyoyin rage talauci. Sun shekara da shekaru suna shiga ƙauyuka suna gwaje-gwaje a kan waɗannan abubuwa uku. Bari mu ji yadda suke yi, da abin da suka gano.

Yadda ake gwajin

Mun san yadda malamin gona yake yi in ya zo da sabon iri. Ba ya tsayawa gardama a dandali. Sai ya raba gona biyu, ya shuka sabon iri a gefe guda, tsohon iri a ɗaya gefen. Ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a ƙirga dammuna. Gani ya kori ji.

Haka masanan nan suke yi da ƙauyuka. Sukan zaɓi ƙauyuka da yawa, su jefa ƙuri'a. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa a kansu a fara sabon abu a can, sauran kuwa a bar su yadda suke tukuna. Bayan shekara ɗaya ko biyu a koma a ƙirga, a gwada waɗannan da waɗancan. Me ya sa ake ƙuri'a? Domin in mutum ne ya zaɓa da hannunsa, zai ɗauki garin da ke bakin hanya, ko garin abokinsa, ko inda mutane suka fi himma. In aka ga ci gaba a can, ba a san ko sabon abin ne ya kawo shi ba, ko dama can sun fi. Ƙuri'a ba ta da ɗan'uwa.

A shekarar 2019 aka ba masana uku lambar girma ta duniya da ake kira Nobel saboda irin wannan aiki. Sunayensu Abhijit Banerjee, da Esther Duflo, da Michael Kremer.

Na farko, lafiya

A yammacin ƙasar Kenya akwai wani yanki, Busia, kusa da babban tafkin Biktoriya. Tsutsar ciki ta yi yawa ƙwarai ga yaran wurin. Tsutsar ciki ba ta cika kisa ba. Amma takan shanye jinin yaro, ta sa masa kasala da ciwon ciki, ya riƙa fashin makaranta.

A shekarar 1998 aka fara gwaji a makarantun firamare 75, masu yara wajen 30,000. Aka raba makarantun kashi uku, 25 kowane kashi. Kashi na farko aka fara ba su ƙwayar maganin tsutsa kyauta a 1998, na biyu a 1999, na uku a 2001. Kowa ya samu, sai dai wani ya riga wani. Cikin wannan tsakani aka riƙa kai ziyara ba sanarwa, ana kiran suna a aji.

Michael Kremer da abokin aikinsa Edward Miguel suka ƙirga. Suka tarar fashin makaranta ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu inda aka ba da magani. Suka kuma ga wani abu. Yaran da ba su sha maganin ba, amma suna zaune kusa da waɗanda suka sha, su ma tsutsa ta ragu gare su. Dalili kuwa, ƙwan tsutsa daga bayan gida yake fita ya shiga ƙasa da ruwa. In masu ɗauke da shi suka ragu, kowa ya huta. Watau maganin ɗan maƙwabcinmu kariya ce ga ɗanmu.

Ga kuma abin lura. A 2001 aka gwada sa ɗan kuɗi kaɗan a kan maganin a waɗansu makarantu, abin da bai kai sulusin dalar Amurka ɗaya ba ga kowane yaro. Inda ake bayarwa kyauta, cikin yara 100 wajen 75 suka sha. Inda aka sa kuɗi, ba su kai 20 ba. Ba wai iyayen ba su son 'ya'yansu ba ne. Kuɗin ne ba ya hannu ran da aka zo. Cutar da ba ta kwantar da yaro yau ba kuwa, akan ce a bari sai gobe.

An sake ganin haka a Kenya a 2007, da gidan sauro mai magani. Aka ba mata masu juna biyu a waɗansu asibitoci kyauta, a waɗansu kuma aka sayar da araha. Da aka sa kuɗi, masu karɓa suka ragu ƙwarai. A da ana cewa abin kyauta ba a darajanta shi. Da aka bi gida gida aka duba, sai aka tarar waɗanda suka samu kyauta sun rataya nasu kamar yadda waɗanda suka saya suka rataya.

Na biyu, daji

Yanzu mu tafi ƙasar Yuganda, maƙwabciyar Kenya. A yammacinta, a yankunan Hoima da Kibaale, daji mai yawa yana hannun talakawa ne, kowa da nasa. Sukan sare don su faɗaɗa gona, ko su sayar wa masu katako da masu gawayi, sau da yawa in wata bukata ta taso ba zato.

Daga 2011 zuwa 2013 aka yi gwaji a ƙauyuka 121. Aka jefa ƙuri'a, 60 suka fito. A waɗannan 60 aka ce wa masu daji: duk wanda ya yarda ya bar itatuwansa tsaye, za a biya shi sulen Yuganda 70,000 a kan kowace hekta a shekara, kimanin dala 28 a lokacin. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce. Ba tilas. Kuma ba a biya sai ƙarshen shekara, bayan an zaga an ga itatuwan suna nan.

Ba kowa ya shiga ba. Cikin mutum uku, wajen ɗaya ne ya sa hannu. Duk da haka, da aka ɗauki hoton dajin daga sama da tauraron ɗan Adam, aka auna, ga abin da wata masaniya mai suna Seema Jayachandran da abokan aikinta suka samu. A ƙauyukan da ba a biya ba, daji ya ragu da kashi 9 cikin 100. A ƙauyukan da aka yi tayin biya, kashi 4 ne. Watau sara ya ragu da fiye da rabi. An kuma duba ko mutane sun bar nasu sun koma saran dajin da ke kusa, ba a ga alamar haka ba.

Me wannan ya koya mana? Mai saran itace ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne. Lissafi yake yi. In itace a tsaye yana kawo masa wani abu, zai bar shi.

Ba sai mun je Yuganda ba kafin mu ga gaskiyar wannan. Ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram a ƙasar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwa ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share duka, sai manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya kiyaye su daga awaki. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Wuƙa ko lauje kawai.

Da manoma suka tabbata itacen da suka raya nasu ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu aunawa sun ƙiyasta cewa an raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Da yawa daga ciki gawo ne. Mun san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Mata su sami itacen girki daga rassan da aka datse, ba sai sun yi tafiyar wuni ba.

Na uku, ajiya

To, me zai hana mutum ɗaukar gatari ran da ciwo ya zo? Ɗan abin da ya ajiye. Amma ajiya a gida tana da wuya, kowa ya sani. Kuɗi yana aljihu, ɗan'uwa ya zo da kuka, ga biki, ga kwaɗayin kasuwa. Kafin a ankara ya narke.

A 2008 waɗansu masana biyu, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson, suka yi gwaji a yammacin Kenya da ƙungiyoyin adashi 113. Can ma suna adashi kamar namu. Aka yi ƙuri'a. Waɗansu ƙungiyoyi aka ba kowane mutum ɗan akwatin ƙarfe mai kafar jefa kuɗi, da kwaɗo, da mabuɗi a hannunsa, da ɗan littafin rubuta abin da ya jefa. Aka ce wannan don lafiya ne. Waɗansu aka ba su akwatin amma mabuɗin yana hannun ma'aikaci. Waɗansu kuwa ba a ba su kome ba sai gargaɗi da baki.

Bayan shekara guda aka ƙirga abin da kowa ya kashe wajen rigakafi, kamar gidan sauro da maganin tsabtace ruwan sha. In wanda ba shi da akwati ya kashe sule 3, mai akwati da mabuɗi a hannu ya kashe wajen sule 5. Waɗanda aka riƙe musu mabuɗi kuwa ba su yi wani abin kirki ba, don mutum ba ya son jefa kuɗinsa inda ba zai iya ɗauka ba in dare ya yi masa. Ku duba, ba a ƙara wa kowa ko anini ba. Wurin ajiya kaɗai aka ba su. Da kuɗin ya shiga akwati ya sami suna, ya zama kuɗin lafiya, sai ya yi sauƙi a ce wa mai roƙo a yi haƙuri.

Wannan ma muna da irinsa kusa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyukan Maraɗi, aka kafa abin da ake kira Mata Masu Dubara. Mata su haɗu, kowane mako kowace ta zuba abin da ta iya a akwati ɗaya. Mai bukata ta ranta, ta mayar. In shekara ta zagayo a raba. Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan sa wa akwatinsu kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam dabam, ba a buɗewa sai gaban kowa. Daga Nijar wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Akwai kuma ajiya da aike ta wayar hannu. A Kenya aka fara M-Pesa a 2007. Masu bincike suka tarar in masifa ta auka wa gida, kamar ciwo ko asarar amfanin gona, gidajen da ba su aiki da ita cimakarsu da sauran kashe-kashensu sukan ragu da wajen kashi 7 cikin 100. Masu aiki da ita kuwa ba su ragu ba, don dangi na nesa sukan aiko da taimako nan take. Sai dai waya tana bukatar mai gane lambobi. Wanda bai iya karanta saƙo ba, tilas ya miƙa wa wani asirinsa.

Abin da za mu yi

Ba sai mun jira baƙi sun zo da ƙuri'a ba. Ga abu huɗu da ke hannunmu.

Ɗaya, in ma'aikatan lafiya suka zo da maganin tsutsa ko gidan sauro ko allurar rigakafi, mu fito da yara duka, mu kuma tuna wa maƙwabta.

Biyu, bana wajen sassabe kowa ya ware gefe guda na gonarsa ya bar tohon gawo da kalgo da sabara, ya gyara su. Ɗaya gefen ya yi yadda ya saba. Ya rubuta yawan dammunan kowane gefe, shekara uku a jere.

Uku, kowane gida ya sami gwangwani ko akwati mai kwaɗo, a ce wannan na lafiya ne. Ran kasuwa a jefa ko kaɗan ne.

Huɗu, duk abin da aka jefa a rubuta: rana, da wata, da adadi. In ana adashi, a sami littafi, a riƙa karanta shi gaban kowa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. In kaka ta yi, kowa ya zo da littafinsa, mu zauna mu ƙirga tare.

Tambayoyi

1. Me ya sa masu bincike suke jefa ƙuri'a wajen zaɓen ƙauyuka?
2. Yaya maganin tsutsa ya amfani yaran da ba su sha ba?
3. A ƙauyuka nawa aka yi gwajin daji a Yuganda? Nawa ne ba a yi musu tayin biya ba?
4. In mace tana jefa naira 200 a akwati kowane mako, nawa za ta tara cikin mako 52?