Rayuwa da Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya a Masarautar Gumel: Jinyar da Ta Rataya a Wuyan Gida

Takardar da aka gabatar a taron wayar da kan jama'a kan lafiyar yara da matasa, a garin Gumel

 

Gabatarwa

Idan aka ce ciwon suga a ƙasar nan, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne dattijo mai ƙiba da likita ya hana shan shayi da sukari. Wannan shi ne nau'i na biyu, kuma shi ya fi yawa. Takardar nan ta shafi ɗaya nau'in ne, wanda ya fi kama yara da matasa, ba ruwansa da ƙiba ko kwaɗayin zaƙi. Zan duba yadda ake rayuwa da shi daga safiya zuwa dare a ƙananan hukumomi huɗu na wannan masarauta, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Abin da nake so in tabbatar guda ɗaya ne: likita yana ganin yaron nan na 'yan mintoci a wata, sauran jinyar duk a gida ake yin ta. Saboda haka duk tsarin da bai horar da uwa da uba da malamin makaranta ba, bai kai ga yaron ba tukuna.

Mene ne ciwon, kuma me ya sa ake makara?

A bayan tumbi akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke samar da insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin abinci daga jini zuwa cikin tsokar jiki. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma a ɗaukarsa daga wani. Har yau ba a sami rigakafinsa ba, ba a kuma sami abin da zai maye gurbin allura ba.

Alamominsa a fili suke ga wanda ya sani. Yaro yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, yana ci yana ramewa, kiyashi na taruwa inda ya tsuguna. Amma a wurinmu ƙishirwa a watan Afrilu ba abin mamaki ba ce, rama kuma sai a ce tsutsar ciki ce. Sai a je kemis a karɓo maganin maleriya, a biyo da na taifot, wani ya ce sammu ne. Kafin a ankara yaro ya fara amai da ciwon ciki, numfashinsa ya yi zurfi da sauri, ya fita hayyacinsa. Wannan ita ce gubar kiton, wadda ke taruwa a jini idan babu insulin. Ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa, cikin ƙasa da minti guda, ya isa ya tona asirin ciwon tun a ƙaramin asibitin ƙauye.

A Toronto ta ƙasar Kanada aka gano insulin a 1921, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya tashi. Shekara ɗari bayan haka, wani bincike da mujallar Lancet mai kula da ciwon suga ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa yaro ɗan shekara 10 da aka gano masa ciwon a 2021 zai ƙara kimanin shekara 65 a ƙasashe masu arziki, amma kimanin 13 kacal a ƙasashe matalauta. Ciwon ɗaya ne, maganin ɗaya ne. Ratar tana cikin abubuwan da zan bi ɗaya bayan ɗaya yanzu.

Safiya: kwalba da sirinji

Yawancin yaranmu suna kan insulin gauraye, irin su Mixtard, allura biyu a rana. Bayan sallar asuba uwa ta ɗauko kwalbar, ruwan cikinta fari-fari kamar tsararon nono. Ba a girgiza ta. A tafin hannu ake mulmula ta a hankali har ta haɗe. Ta zuƙo adadin da likita ya rubuta, ta ɗaga sirinjin wajen haske, ta ɗan ƙwanƙwasa shi da farce kumfar iska ta fita, ta tattaro fatar ciki ko ta cinya ta soka. Daga nan agogo ya fara bugawa: cikin rabin awa dole koko da ƙosai su shiga cikin yaron. Idan ranar itace ya jiƙe ko mai koko ba ta fito ba, allurar ba za ta jira ba.

Akwai kuskure biyu da ya kamata kowane gida ya sani. Na farko, yawan soka wuri ɗaya yana sa fata ta yi kulu, kuma insulin ba ya tafiya daidai daga cikin kulun, don haka a riƙa zagaya wuri. Na biyu ya fi haɗari. Insulin iri biyu ne ta fuskar ƙarfi, mai lamba 40 da mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai lamba 100 da sirinjin 40 ya yi wa yaro ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Layin 20 ya zama 50. A gari irin Maigatari, inda kaya ke shigowa daga ɓangarori biyu na iyaka, duba lambar kwalba da ta sirinji wajibi ne kafin a bar gaban kanta.

Zafin bazara da tukunyar ƙasa

Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40, kuma gidaje da yawa a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar ba su da firji. Wannan ya sa wasu iyaye ke fid da rai tun kafin su fara. Bai kamata ba.

A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka gina kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya. Sun nuna cewa kwalbar da ake amfani da ita tana riƙe ƙarfinta na mako huɗu ko da zafi na hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37. Abin da ya rage mana shi ne mu sauko da zafin ɗaki zuwa cikin wannan zango, kuma dabarar tamu ce ta gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya a ƙauyukan Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Kwalbar a sa ta cikin ƙaramar roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa bakinta ko ya goge rubutunta. Don tumatir da yalo aka yi dabarar, amma ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu, lokacin da aka fi buƙatarta.

Gargaɗi ɗaya: kada a kai ajiya wurin mai ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya mutu, ko da ya narke ya koma kamar lafiyayye. Haka wanda aka bari a aljihun babur cikin rana a hanyar dawowa daga asibiti.

Tuwo, fura da gona

A nan ne rikita nau'i biyun ke cutar da yara. Maƙwabta za su ce a hana shi tuwo, a ba shi wake da alkama da ruwan shuwaka ko garahuni. Yaro mai girma yana buƙatar abinci, kuma yunwa ba ta gyara wannan ciwo. Abin da ake nema shi ne daidaito: malmala iri ɗaya, ludayi iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya. Tuwon gero ko na dawa da miyar kuka, wake, zogale, rama, gyaɗa da riɗin da muke nomawa duk abincinsa ne. Abin da ke harba suga sama nan take shi ne kunu da zoɓo da furar da aka zuba wa sukari, da lemon kwalba.

Aiki ma lissafi ne. Saurayin da ya yi allurar safe ya tafi noma da damina, ko ya kora shanu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, jikinsa na cinye suga fiye da ranar da yake zaune. Idan sugarsa ta faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, sai karkarwa da gumi mai sanyi da jiri, wani ya riƙa surutai ko faɗa ba dalili. Masu kallo su ce iska ce ta buge shi. Maganin yana cikin aljihu: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Addu'a ba ta hana ba da sukari, a haɗa su biyun.

Ranar rashin lafiya kuma, musamman zazzaɓin damina, uwa takan ce tunda bai ci ba, ba za a yi allura ba. Wannan tunani ne ke kai yara da yawa ga gubar kiton, domin zazzaɓi ɗaga suga yake yi. Ba a dakatar da insulin gaba ɗaya. A ƙara gwaji, a ƙara ruwa, a kira ma'aikacin lafiya.

Azumi, makaranta da aure

Ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame, kuma likitoci suna sa mai nau'i na ɗaya, musamman wanda sugarsa ke hawa da sauka, cikin waɗanda azumi ke da haɗari gare su. Amma matashi ɗan shekara 16 yana jin kunyar a gan shi yana ci. Maganar da likita zai yi sau goma ba a ji ba, liman zai yi ta sau ɗaya a wurin tafsiri ta zauna.

A makarantar boko da ta allo, malami ya san cewa wannan ɗalibi yana da izinin fita fitsari da cin abu a aji. Ɗan makarantar kwana ko almajirin tsangaya, wanda cinsa ba shi da lokaci, shi ya fi kowa shiga haɗari, kuma tura irin wannan yaro nesa da gida abu ne da ya kamata uba ya sake tunani a kai. Game da 'yan mata, wasu gidaje na ɓoye ciwon don gudun kada a rasa miji. Amarya ta tare tana yin allura a ɓoye, ranar da ta faɗi ba wanda ya san abin yi. Mace mai wannan ciwo tana aure tana haihuwa lafiya, in dai an daidaita sugarta tun kafin ciki kuma ta haihu a asibiti.

Kuɗi da nisa

Kwalba mai mililita 10 ta lamba 100 tana ɗauke da awo 1,000. Matashin da ke yin 40 a rana zai ƙarar da ita cikin kwana 25. Ga sirinji, ga tsinken gwaji, ga kuɗin mota. Insulin daga waje yake zuwa, don haka tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 tsadarsa ta bi dala. Magidanci kuwa kuɗinsa na kaka ne, ciwon ɗansa na kullum. Sai a fara rage allura don kwalba ta kai wata, a daina gwaji sai jiki ya rikice. Ƙwararrun likitocin wannan fanni kuma sai an dangana da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 120 daga Gumel.

Shawarwari

A 2022 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Nijeriya, suka amince cewa kafin 2030 kowane mai nau'i na ɗaya zai sami insulin da kayan gwaji a farashin da zai iya. Ga yadda nake ganin wannan alkawari zai sauko ƙasar Gumel:

1. Kowane asibitin mazaɓa ya mallaki na'urar gwaji da tsinkenta, a kuma auna sugar duk yaron da aka kawo a galabaice ko a sume kafin a ɗaura masa ruwa.
2. Babban Asibitin Gumel ya keɓe rana ɗaya a wata ga waɗannan yara, da rajistar sunayensu, domin a nemi wanda bai zo ba.
3. A ajiye insulin a asibitocin Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar cikin firjin sola, a daidaita ranar karɓa da ranar kasuwa, lokacin da motoci ke zirga-zirga.
4. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, JICHMA, ta sa insulin da sirinji da tsinken gwaji na yara cikin abin da take biya, masu zakka da waƙafi su toshe giɓin.
5. Kada a sallami sabon marar lafiya sai mutum biyu daga gidansu sun zuƙi allura sun soka a gaban nas, sun kuma faɗi alamomin faɗuwar suga da bakinsu.
6. Hakimai da limamai su yi amfani da ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, su isar da alamomin nan huɗu ga jama'a: ƙishirwa, fitsari, rama, kasala.

Kammalawa

Biyu daga cikin shawarwarin nan, ta uku da ta huɗu, sai da kasafin gwamnati. Sauran za a iya fara su a wannan wata da ma'aikatan da muke da su, da masu ginin tukwanen da ke kasuwanninmu. Ina roƙon taron nan, kafin a tashi, ya ambaci wanda zai buɗe rajistar a kowace ƙaramar hukuma da ranar da zai kawo rahoto. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa iyayen da ke ɗawainiya da su.