Jawabi Kan Gandun Dajin Kamuku: Ina Aka Kwana?

Jawabin wannan wata a kan gandun dajin Kamuku ne, wanda ke ƙasar Birnin Gwari a Jihar Kaduna. Gwamnati ta ce ta keɓe shi domin kare itatuwa da namun daji. To, ina aka kwana?

Gandun daji wuri ne da hukuma ta shata wa iyaka. Ba a noma a cikinsa, ba a farauta, ba a sarar itace sai da izini. Amfaninsa kuwa yana da yawa. Itatuwa irin su doka da maje da kawo suna riƙe ƙasa, suna tare iska, suna hana rafuka ƙafewa da wuri.

Da mudu uku ake auna aikin gwamnati a kan gandu.

Mudu na farko shi ne doka. A nan gwamnati ta yi ƙoƙari. Tun 1936 En'e ta keɓe wannan daji. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, ya zama gandun ƙasa baki ɗaya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121. A 2020 kuma ta amince da ƙarin gandu 10, har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina.

Mudu na biyu shi ne tsaro. A nan ne gizo ke saƙa. An san Kamuku da giwa da gwanki da mazo da tsuntsaye iri-iri. Amma ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun shekara da shekaru suna fakewa a cikinsa. A watan Mayu na 2018 an kai hari ƙauyen Gwaska, aka kashe mutane fiye da 40. Dajin da ma'aikaci ba ya iya shiga, wa zai ƙirga namun da ke cikinsa? Wa zai hana masu katako da masu gawayi?

An ɗan sami sauƙi daga baya. A ƙarshen 2024 Gwamna Uba Sani ya yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. A 2025 Shugaba Tinubu ya amince a ɗauki masu gadin daji. Sai dai alkawari kaya ne, sai an sauke.

Mudu na uku shi ne amfanin maƙwabta. Manomin da aka hana shi shiga daji, dole ya ga abin da ya samu a madadinsa. Idan bai gani ba, zai ɗauki gandu a matsayin ƙwace, ba zai taimaka a tsare shi ba.

Saboda haka, jama'a, in jami'i ko ɗan majalisa ya zo garinku, ku yi masa tambaya uku. Masu gadi nawa ne a dajin nan? 'Ya'yan gari nawa aka ɗauka aiki? Ina iyakar gandu ta tsaya, ina gona ta fara? Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar da kwanan wata, ya adana. Baɗi in sun dawo, a karanta musu.

Allah Ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalam.