Rariyar Bloom: yadda ƙaramar waya za ta riƙe manoma 100,000

Yau daga Madobi nake magana, kuma batun na masu rubuta manhaja ne, amma manomi ma ya saurara, don a kansa abin yake ƙarewa.

Duk wanda ya san yankinmu ya san ruwan Dam ɗin Tiga ne ke raya noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Kuma duk lokacin da aka ce za a raba taki mai tallafi, tambaya ɗaya ce ke haddasa rigima a layi: wannan mutumin ya karɓa ko bai karɓa ba? A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, an fito da tsarin GES, inda manomi ke samun saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Dabara ce mai kyau, sai dai tana jingine da sabis, kuma kun san halin sabis a bakin gona. To idan babu sabis, dole bayanan su zauna cikin wayar mai rabo. Ita kuwa wayar, an cika ta da bidiyon WhatsApp, kullum kuka take babu wuri.

Mu yi lissafi. Mu ce manoma 100,000 ne. Idan ka adana lambar NIN a matsayin rubutu, lambobi 11 ne, bayit 11 ke nan. Idan ka adana ta a matsayin adadi, bit 37 sun ishe ta, wato bayit 5. Ka ga ka rage fiye da rabi ba ka zubar da komai ba. Sannan nema. Idan jerin a hargitse yake, wayar za ta iya duba layi 100,000 kafin ta ce babu. Idan ka jera su daga ƙarami zuwa babba, sai ta buɗe tsakiya, ta watsar da rabi, ta sake buɗe tsakiyar sauran. Sau 17 kacal ta gama. Wannan ba sabon abu ba ne, haka kake neman kalma a ƙamus.

Amma wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce dabarar da wani Ba'amurke, Burton Bloom, ya wallafa a 1970. Ni rariya nake ce mata.

Ku ɗauko hoton gurabun dara a zuciya, amma dogon layi mai gurbi miliyan ɗaya, kowane gurbi ko dai fanko ne ko da tsakuwa a ciki. A kwamfuta kowane gurbi bit ɗaya ne. Manomi ya zo ya karɓi takinsa, sai manhaja ta ɗauki NIN ɗinsa ta yi lissafi iri bakwai, kowane lissafi ya nuna mata gurbi ɗaya, ta jefa tsakuwa a gurabun nan bakwai. Ba ta rubuta sunansa ba, ba ta ma rubuta lambar ba. Gobe wani ya zo, sai ta lissafa nasa gurabun ta leƙa. Idan ko ɗaya fanko ne, tabbas bai karɓa ba, a ba shi. Gurbi miliyan ɗaya kuwa kilobayit 125 ne, wani hoton biki ma ya fi shi nauyi. Shi ya sa Google ya sa ta cikin ma'adanarsa ta Bigtable, don kada a riƙa wahalar tono faifai ana neman abin da babu.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan ta leƙa ta ga duka bakwai a cike fa? Wataƙila ya karɓa. Wataƙila kuma tsakuwoyin wasu mutane ne suka faɗa gurabunsa. Da wannan girman, idan rariyar ta cika da mutum 100,000, kusan ɗaya cikin ɗari na waɗanda ba su karɓa ba za ta ce sun karɓa. A wajen injiniya, ɗaya cikin ɗari ƙaramin abu ne. A layin taki kuwa dattijo ne da ya biya kuɗin mashin daga Kwankwaso, alkamarsa na jiran taki, wani yaro riƙe da waya yana ce masa, "Baba, na'ura ta nuna ka karɓa." Ya rantse, ba a yarda ba, don mutanenmu sun ɗauka na'ura ba ta kuskure.

Saboda haka ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Idan rariya ta ce babu, ka yarda da ita. Idan ta ce akwai, kada ka kori kowa sai ka duba cikakken jerin, ko a wayar, ko a littafin shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa. Kuma ka sani rariyar Bloom ta asali ba a goge suna a cikinta, don in ka cire tsakuwa ɗaya ka taɓa na wasu. An shigar da mutum bisa kuskure? Sai dai a sake gina ta daga jerin.

Ni ma in aka ba ni aikin nan na mutum 100,000, jerin NIN a jere zan fara sakawa: bayit 5 sau 100,000, rabin megabayit ne, kuma ba ya ƙarya. Rariya sai lissafin ya kai miliyoyi, irin rajistar masu zaɓe miliyan 93 da INEC ta yi aiki da ita a 2023.

Masu koyon rubuta manhaja, ku gwada gina taku da lambobi dubu, ku rage gurabun ku ga yadda kuskuren ke hauhawa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.