Waƙafi da Hamza: Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa ke Yanka Rubutu



Na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ba ta san kalma ba, balle ma'anarta. Abin da ke gabanta jerin lambobi ne kurum, kowace lamba tana wakiltar harafi ko alama. Idan ana bukatar ta ware sunan ma'aikaci daga muƙaminsa da albashinsa, alhali duka suna cikin layi guda, tilas a nuna mata wata alama, a umurce ta da ta yanka duk inda ta gamu da ita. Galibi waƙafi ake zaɓa.

Wahalar tana tasowa ne sa'ad da alamar yankan ta faɗo cikin abin da ake son warewa. A ɗauki layin da ya ce: Rabi'u,akawu,85,500. Mutum ya ga gida uku, na'ura kuwa ta ga huɗu, ta rubuta wa bawan Allah albashin naira 85. Maganin da aka rubuta a ƙa'idar RFC 4180 a 2005 shi ne a killace irin wannan adadi tsakanin alamun zance, don na'ura ta ƙyale waƙafin da ke ciki. Abin mamaki, tun 1967 jadawalin ASCII na Amurka ya keɓe lambobi huɗu, daga 28 zuwa 31, musamman don raba bayanai, amma da yake ido ba ya ganinsu, jama'a suka yi watsi da su.

Ta fuskar Hausa lamarin ya fi haka tsanani. Jadawalin nan gurabe 128 kaɗai gare shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Da Unicode ya fito a 1991, sun sami matsuguni a cikinsa. Duk da haka masu tsara umurnin na'ura da dama sun saba da gajeriyar hanya: su ce duk abin da ba ya tsakanin A da Z alama ce, a yanka a wurin. A harshen JavaScript, alamar \w tana nufin haruffan Turanci ne da lambobi da ƙaramin layin ƙasa, ba ta san ƙ ba. Nan take “ƙasa” ta koma “asa”, “haɗa” ta rabu gida biyu.

Hamza ita ce ta fi shan wuya. A Turanci ado ce ko alamar gajarta kalma, amma a Hausa baƙi ce cikakkiya, daidai da b ko k. In aka yanka a kanta, “ma'aikata” ta zama “ma” da “aikata”, kalmomi biyu sahihai, don haka mai duba kuskure ba zai farga ba. Sa'adatu da Isma'ila su ɓace daga jerin masu fansho, a yi ta nemansu a fayil, ga su kuwa a ciki a yanke. Ko sunan na'urar kansa bai tsira ba. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Nijeriya 'ya'ya, saboda haka tarkon da wannan ya tsallake shi ke kama wancan.

Unicode ya tanadi hamzar da ake lissafawa cikin haruffa, mai lamba U+02BC, dabam da alamar zance. Wajibi ne ma'aikatar da za ta karɓi sabon tsarin ajiye sunaye ta fara gwada shi da Rabi'u da Ɗanladi da 'Yar'adua kafin ta sa hannu a takardar kwangila.