Jan Kwale-kwale da A-kori-kura: Jawabi ga Direbobi da Masunta a Ƙofar Ran, Bauchi



Abin da ya tara mu a nan Ƙofar Ran shi ne sha'anin kai kwale-kwale bakin ruwa da mota. Wasunku na zuwa su a Dam ɗin Gubi, wanda ke shayar da garin nan, wasu har Dadin Kowa a kan kogin Gongola cikin Jihar Gombe. Galibi a-kori-kura kuke ɗauka haya, a ɗora jirgin a kan 'yar tirela, a ja. Tambayar da aka saba yi mana ita ce, ko irin wannan mota za ta iya? Za ta iya, muddin direba ya san inda ƙarfinta yake da inda ya ƙare.

Yawancin a-kori-kurar da ke hannun jama'a, tun daga Peugeot 404 da 504 har zuwa Hilux maras giyar taimako, tayoyin baya biyu kaɗai injin ke juyawa. Na gaba aikinsu bin sitiyari ne. Ga shi kuma idan bodin babu kaya, bayan motar ba shi da nauyi. A kan kwalta ba a ganin illar haka. A bakin ruwa take bayyana, inda akwai gangara da laka da gansakuka. Da zarar tayoyin bayan sun taɓa santsi, sai su dinga juyawa a wuri ɗaya, nauyin jirgi kuwa yana jan motar zuwa cikin ruwa. A nan ake asarar mota, wani lokaci har da rai.

Saboda haka, ga abubuwan da ya wajaba a kiyaye.

Na farko, a san nauyin kaya. Kowace mota tana da iyakar abin da masu ƙera ta suka yarda ta ja, kuma yana rubuce a littafinta. A haɗa nauyin jirgi da injinsa da mai da koma da ita kanta tirelar. A kwalfe ruwan da ke cikin jirgi kafin a tashi, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A Ingila doka ba ta yarda tirela maras birki ta wuce kilo 750 ba. Mu ma ya kyautu mu ɗauki wannan a matsayin ma'auni.

Na biyu, ɗauri. Kada a ƙulla tirela a jikin bamba. Sai a kan ƙarfen ja wanda aka kafe a shasi, a ƙara da sarƙa biyu a gicciye. A matso da jirgin gaba kaɗan, yadda kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai danna bayan motar. Idan nauyi ya rinjaya ta baya, tirela za ta riƙa wutsil-wutsil a hanya har ta kayar da mota.

Na uku, tafiya. A rage gudu, a bar tazara mai yawa, gama birki ɗaya ne ke tsayar da abu biyu. A sauka gangara da ƙaramar giya. A tabbata fitilun tirela suna ci. Kada a kuskura a ɗauki mutum ko ɗaya cikin jirgin da ake ja, kome kusancin wurin.

Na huɗu, bakin ruwa. Direba ya sauko ya taka wurin da ƙafarsa tukuna. A aza buhunan yashi 3 ko 4 a bodi, daidai kan tayoyin baya. Kada tayoyin nan su shiga ruwa. In gaɓar na da taɓo, a tsayar da mota a kan tsandauri, a sa weji, a zura tirela da doguwar igiya mai ƙarfi. Wajen fitowa a sa giya ta ɗaya, a taka totur sannu a hankali. In taya ta fara juyawa a banza, a ɗaga ƙafa, a zuba tsakuwa ko a shimfiɗa katako. Yaron mota ya tsaya a gefe, kada ya shiga bayan tirela ko tsakaninta da mota. Bayan doguwar tafiya a bar boris ɗin tirela ya huce kafin ya shiga ruwa, a kuma riƙa sa masa giris.

Jama'a, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 domin tsare ku a kan titi, aka kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida a 1997 domin tsare ku a kan ruwa, kuma ita ce ke jaddada sanya rigar kariya. Amma a 'yan takun nan da ke tsakanin tudu da ruwa, hankalin direba ne kaɗai mai tsaro. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da sa'ar su.