Neman Haihuwa Da Maniyyin Wani: Ku Yi Hattara

 Yau maganarmu a kan neman haihuwa ce.

Wataƙila kun ji labarin abin da a ke yi a waɗansu asibitocin manyan birane. Idan mace ba ta iya riƙe ciki, sai a yi hayar mahaifar wata ta ɗauka mata. Idan kuwa maniyyin miji ne ba shi da ƙarfi, waɗansu su kan karɓi na wani namiji. Tun 1980 malaman Azhar ta Masar suka ce haɗa ƙwai a asibiti ya halatta tsakanin miji da matarsa kaɗai. Hukunci na malamai ne. Namu shi ne zancen lafiya.

Ku sani, maniyyi ya kan ɗauki cuta: ciwon sanyi, da tunjere, da ciwon hanta, da ƙanjamau. Mai cutar kuwa sau da yawa za ka gan shi garau. A 1985 likitocin Ostareliya suka ba da labarin mata 4 da suka kamu da ƙanjamau ta maniyyin mutum ɗaya. Saboda haka asibitin kirki ya kan auna jinin mutumin, ya daskarar da maniyyin har wata 6, sa'an nan ya sāke awo, domin sabuwar cuta ba ta bayyana a jini nan da nan. Wanda ya ce zai yi muku wannan a ɓoye, ba awo, ku guje shi. Cutar ta kan kama mai ɗaukar cikin, ta kama jaririn.

To, ga abin da ya fi kusa da mu. Rashin haihuwa da yawa asalinsa ciwon sanyi ne da aka ƙyale. Ya kan toshe hanyar ƙwai ga mace, ya toshe hanyar maniyyi ga namiji. Mace kuwa ta kan daɗe da shi ba ta ji komi ba.

Maigida, in ka ga mugunya ko zafin fitsari, kada ka sayi ƙwayoyi a kasuwa. Ciwon sanyi na yanzu ya daina jin fenisilin. Ka zo ɗakin magani tare da iyalinka duka, a yi muku magani lokaci ɗaya. In abin ya fi ƙarfinmu, mu tura ku babban asibitin Funtuwa. Asirinku a rufe ya ke.

Allah ya ba mu lafiya, amin.