Ƙofar biron malam ba ta cizo

 

Shekarata ta farko a jami'a, akwai darasin da na yi wata uku ina kwafe shi ba tare da na gane komai ba. Amfi cike, ni ina can baya, muryar malam ma da ƙyar take isowa. Kullum sai na wuce ta gaban bironsa, amma ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. Tsoro nake a ce ban san komai ba. Na faɗi jarabawar. Da na je daga baya, cikin minti goma ya warware mani abin, ya ce: "Ina ka shiga tun farkon zango?" Wallahi ban da amsa.

Jami'ar Maraɗi, wadda yau ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, an kafa ta a 2010 tare da na Tawa da Damagaram. Tsarin LMD muke bi: kiredi 30 kowane zango, 180 kafin ka samu lisans. Cikin awoyin kowane kiredi kuma akwai kason aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai. To idan ka maƙale a nan, wa za ka tambaya? A amfi malam ba ya iya tsayawa kan kowa. Biro ne wurin.

A gida an koya mana kada mu yawaita wa babba tambaya. Tarbiyya ce mai kyau, amma zuwa wurin malam da tambayar karatu ba rashin kunya ba ne. Aikinsa ne, haƙƙinka ne.

Ga abin da nake roƙo. Na ɗaya, wakilin kowane aji ya nemi malamai, cikin ladabi, su tsaida rana da awa a mako, a liƙa a ƙofa, a sa a gurup ɗin WhatsApp. Wanda ya biya kuɗin kabu-kabu daga Tibiri ko Jiratawa bai kamata ya zo ya tarar da ƙofa a kulle ba.

Na biyu, kada ka je ka ce "ban gane darasin ba". Rubuto tambayarka, nuna layin da ka tsaya.

Na uku, ku je ku biyu ko uku. Tsoro yana raguwa, ƴan uwanmu mata kuma sun huta da surutun mutane.

Na huɗu, kada ku jira makon jarabawa, lokacin da kowa ke rububi.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya rubuta tambaya ɗaya, ya nemi abokin rakiya, ya ƙwanƙwasa. Allah ya ba mu sa'a.